An kama ƙanena a Amurka, wasu sun ce an sake shi: ina zan ga wannan a rubuce?

Wata baiwar Allah ta rubuto daga Kano, ta ce: "Ƙanena direba ne a birnin Hiyustan na jihar Teksas. Yau kwana biyar wayarsa a kashe. Abokinsa ya ce 'yan sanda sun tafi da shi daren Juma'a, wani kuma ya ce ai tuni aka sake shi. Na ji ana cewa a Amurka irin wannan ana ganinsa a rubuce. Ta ina zan fara, ni da nake nan gida?"

Hajiya, Allah Ya kwantar miki da hankali, Ya bayyana shi cikin alheri. Na daɗe ina aikin tafinta a kotunan ƙasar nan, na kuma zauna a ofishin lauya ina haɗa wa mutane takardun shari'a, don haka tambayarki ba baƙuwa ba ce a wurina. Abin da kika ji gaskiya ne. Ƙa'idar ƙasar ita ce ba a tsare baligi a ɓoye: sunansa, da ranar da aka kawo shi, da abin da ake tuhumarsa, da yadda ya fita, duk ana rubutawa, kuma a yawancin jihohi doka ta ba jama'a damar gani. Wahalar kawai ita ce sanin ƙofar da za ki ƙwanƙwasa, da kuma sanin ma'anar abin da za ki karanta idan an buɗe miki.

Babu rajista ɗaya ta ƙasa baki ɗaya da za ki saka suna ta nuna miki duk wanda ke tsare a Amurka. Ƙasar a rarrabe take gunduma-gunduma, abin da suke kira kawunti, kuma sun haura 3,000; Teksas kaɗai tana da 254. A mafi yawansu akwai wani jami'i da ake kira sharif, mutanen gundumar ne ke zaɓensa, shi ke riƙe da gidan wakafi, wato inda ake ajiye wanda aka kama kafin shari'a da wanda aka yanke wa ɗan gajeren hukunci, galibi wanda bai wuce shekara ba. Kurkukun jiha da na tarayya daban suke, na waɗanda aka gama yi wa shari'a aka ɗaure su shekaru. Mutanenmu da yawa a nan suke fara yin kuskure: su shiga shafin kurkukun jiha, su ga babu sunan, su ce ai ba a tsare yake ba. Wanda aka kama daren Juma'a ba shi da abin yi a kurkukun jiha. Gidan wakafin gunduma za ki nufa. Ƙididdigar ma'aikatar shari'a ta ƙasar ta nuna cewa a 2023 mutum kusan 660,000 ne ke cikin waɗannan gidaje a rana ɗaya, kimanin kashi 70 cikin 100 ba a yanke musu hukunci ba, kuma shigar da aka rubuta a shekarar ta haura miliyan 7. Na kawo miki wannan ne don ki san shiga wurin ba shi ne tabbatar laifi ba, mafi yawan masu shiga kwanaki kaɗan suke yi.

To wace gunduma? Mafi yawan Hiyustan tana cikin Harris, amma gefenta ya shiga Fort Bend da Montgomery, kowacce da sharif ɗinta da gidan wakafinta da shafinta. Ga shi kuma ƙanenki direba ne. Inda aka kama mutum shi ne ke yanke hukuncin inda za a kai shi, inda yake kwana ba ya shiga lissafi. Idan a kan hanyar Dallas aka tsayar da shi, yana iya kasancewa a wata ƙaramar gunduma da ko abokan nasa ba su taɓa jin sunanta ba. Saboda haka ki koma wa abokin nan da tambayoyi ƙanana: a wane titi, da misalin ƙarfe nawa, me aka rubuta a jikin motar 'yan sandan, ina aka ja motarsa aka kai. Wannan ta ƙarshen tana da amfani ƙwarai, domin wurin ajiye motocin da aka ja yana da takardar da ke nuna hukumar da ta ba da umarni. Ki kuma riƙe cewa hukumar da ta kama daban, wadda ke tsare da shi daban. 'Yan sandan birni su kama, su miƙa wa sharif. A Harris akwai cibiya guda da aka buɗe a 2019 a tsakiyar birni, inda ake karɓar waɗanda 'yan sandan birni da na gunduma suka kawo.

Idan an shigo da mutum wurin, sai a ɗauki sunansa da ranar haihuwa, a yi masa hoto, a ɗauki zanen yatsunsa, a ƙirga abin da ke aljihunsa a rubuta, ma'aikacin jinya ya duba shi, a bincika ko ana nemansa a wani wuri. Wannan shi ake kira bukin, kuma takardar da ta fito daga ciki ita kike nema. Yakan ɗauki sa'o'i da dama, musamman daren Juma'a da Asabar, sunan kuma ba ya hawa shafi sai an gama. Ke da kike a kwana na biyar wannan jinkirin ya wuce ki.

Ki nemi shafin ofishin sharif na gundumar da kanta, ki tabbatar nasu ne na hukuma, ki shiga sashen neman waɗanda ke tsare. Kyauta ne. A nan zan ɗan tsaya, domin a nan ne 'yan'uwanmu suka fi faɗuwa, kuma abin ba ya wuce rubutun suna. Na'ura ba ta san cewa Muhammadu da Mohammed da Mohamed da Mahamadou mutum ɗaya ne ba. Ba ta san Abubakar shi ne Aboubacar ba, ko Usman shi ne Ousmane. Jami'in da ya rubuta sunan daga lasin tuƙi ya kwafa, ko kuma daga abin da kunnensa ya ji da tsakar dare. Sunan da kuke kiransa da shi a gida ba zai yi aiki ba, sai wanda ke fasfonsa da lasinsa, harafi da harafi.

Na tuna wani dattijo mutumin Damagaram da ya zo ofishinmu neman ɗansa. Ya zauna gefena, hularsa a gwiwa, carbi a hannu, muna gwadawa. Muka saka sunan yaron yadda uban ya faɗa, babu. Muka saka da rubutun Faransanci, babu. Muka cire harafi, muka ƙara harafi, shiru. Sai na ce ya nuna mini hoton fasfon a wayarsa. Ashe sunan kakan yaron ne a gurbin sunan dangi, sunan uban kuma an haɗe shi da na yaron ya zama kalma ɗaya. Da na saka haruffa uku na farkon sunan kakan kaɗai, na bar sauran gurabe babu komai, sai ga mutum shida sun fito, na huɗu shi ne. Dattijon ya ɗora yatsa a kan gilashin kwamfuta daidai fuskar yaron, ya daɗe bai ce komai ba. Tun ranar nake gaya wa kowa: ka saka kaɗan, kada ka cika gurabe. Ki gwada sunan uba a matsayin sunan farko, ki juya su, ki gwada rabin suna idan shafin ya yarda.

Ranar haihuwa ma tana da tarkonta. Amurkawa wata suke fara rubutawa kafin rana, don haka 03/08 a wurinsu takwas ga Maris ne, ke kuma za ki karanta uku ga Agusta. Sannan ranar da ke takardunsa ake nufi, ko da kun san ba ita ce ta ainihi ba. Da yawa daga cikin mutanenmu 1 ga Janairu ce a fasfonsu, sai ki ga suna ɗaya da rana ɗaya sun haɗu a kan mutum biyu. Kada ki yanke cewa shi ne sai kin duba hoto ko tsawo ko shekara.

Wasu shafukan ba sa buɗewa daga ƙasashen waje. Idan hakan ta faru ba laifin wayarki ba ne, ki sa wani amintacce da ke can ya duba ya turo miki hoton abin da ya gani. Ko ki buga waya gidan wakafin kai tsaye. Yawancinsu suna amsa tambayar ko wane yana hannunsu, idan kin ba da cikakken suna da ranar haihuwa. Akwai kuma shafin VINELink, wanda ke tattaro bayanan gidajen wakafi na yawancin jihohi wuri ɗaya. An ƙirƙiro tsarin ne a 1994 a Louisville ta jihar Kentaki, bayan wani mutum da aka ba da belinsa ya kashe budurwar da ta kai ƙararsa, ita kuwa ba wanda ya sanar da ita ya fito. Don waɗanda aka zalunta aka yi shi, amma kowa na iya dubawa, kuma a jihohin da ke amfani da shi za ki iya rajistar imel ɗinki a aiko miki da saƙo duk lokacin da aka sake shi ko aka canza masa wuri.

Idan kin same shi, ki ɗauki biro. Ki rubuta lambar bukin, wadda ta wannan shigar ce kaɗai. Ki rubuta lambarsa ta dindindin, wadda a Harris ake kira SPN, ita ke bin mutum duk sanda ya sake shiga hannunsu. Ki rubuta lambar shari'a da lambar kotun, da ranar zama, da kuɗin beli. Ki ɗauki hoton shafin gaba ɗaya, da kwanan wata a jiki, domin abin da kika gani yau ba lalle ki gan shi gobe ba. Tuhumar da ke rubuce kuwa zargin ɗan sanda ne a daren kamu. Mai gabatar da ƙara na iya rage ta, ya canza ta, ko ya ƙi karɓarta gaba ɗaya. Kotun Ƙolin ƙasar ta yanke a 1991, a shari'ar gundumar Riverside da McLaughlin, cewa wanda aka kama ba tare da waranti ba dole alƙali ya duba dalilin kamun, galibi cikin sa'o'i 48, dokar Teksas ma ta ce a gabatar da shi gaban majistare cikin wannan wa'adi. Kenan a kwana biyar, in dai yana hannun gunduma, ya riga ya ga alƙali, akwai takarda a kotu.

Yanzu maganar da ta fi damuna a wasiƙarki, wato "an sake shi". A rajistar gidan wakafi wannan kalma ma'anarta ɗaya ce: ya bar hannunmu. Ba ta ce ya koma gida ba. Layin da ke kusa da ita, wanda ke faɗin hanyar fitar, shi ne labarin. Yana iya zama an biya beli. Yana iya zama alƙali ya sake shi bisa alƙawarin zai dawo kotu, ba tare da kuɗi ba. Yana iya zama an janye tuhumar, ko ya amsa laifi aka ce kwanakin da ya yi sun wadatar. Yana kuma iya zama an miƙa shi ga wata gunduma da ke nemansa, ko ga jami'an tarayya, ko ga hukumar shige da fice ta ICE. Duk waɗannan ana iya rubuta su da kalmar saki, alhali uku na ƙarshe daga wani ɗaki ne zuwa wani ɗakin.

Wata uwa na sani da ta ga an rubuta an saki ɗanta da yamma. Ta dafa abinci, ta zuba a kula, ta tafi ƙofar gidan wakafin ta tsaya. Mutane suna fitowa ɗaya-ɗaya da 'yar jakar leda a hannu, igiyar takalmi a ciki, ita tana leƙen kowace fuska har asuba. Yaron tun la'asar an fitar da shi ta ƙofar baya a motar jami'an shige da fice. Da wani ya karanta mata layin nan na biyu, da ba ta kwana a tsaye ba, da kuma tun a daren an fara neman lauyan da ya dace.

Yadda abin ke tafiya shi ne: zanen yatsun da aka ɗauka ana aika shi ga FBI, hukumar binciken laifuka ta tarayya, daga can kuma a gwada shi da rumbun ma'aikatar tsaron cikin gida. Idan ICE na da magana da mutumin, sai ta aiko da takardar riƙo, fom mai lamba I-247A, tana neman a ci gaba da tsare shi har sa'o'i 48 bayan lokacin da ya kamata ya fita, don ta zo ta ɗauka. Jihohi sun bambanta wajen amsa wannan buƙata, amma Teksas tun 2017 ta yi dokar da ta wajabta wa gidajen wakafinta su amsa. Shi ya sa idan kin ga alamar riƙon shige da fice a takardarsa, kada ku yi gaggawar tara kuɗin beli kafin ku ji ta bakin lauya, domin belin zai iya zama shi ne zai gaggauta miƙa shi. Dillalan beli kuma, wato masu tsaya wa mutum beli a biya su lada, ladan da suke karɓa, wanda galibi kashi 10 cikin 100 ne na kuɗin, ba ya dawowa ko da an wanke mutum.

Tunda kin ce wayarsa a kashe har yau, kuma ana cewa ya fita, ni a ganina wannan ce ƙofa ta biyu da ya kamata ki duba yau ɗin nan. ICE na da shafinta na neman waɗanda take tsare da su. Ana nema da lambar baƙo, mai farawa da harafin A da alƙaluma tara, haɗe da ƙasar haihuwa. Idan alƙaluman ba su kai tara ba sai a cike farkon da sifiri. Lambar tana jikin katin zama ko katin izinin aiki ko takardun kotun shige da fice. Ana iya nema da suna ma, amma sai ya yi daidai da yadda suka rubuta. Idan kuma tuhumar ta tarayya ce, to shari'ar tana cikin tsarin PACER, shafin bayanan kotunan tarayya, inda ake biyan santi 10 a kowane shafi, mutumin kuwa sau da yawa a wani gidan wakafin gunduma ake ajiye shi bisa haya. Amma kada zuciyarki ta tafi ga mafi muni tun yanzu. Sau da yawa wayar tana cikin motar da aka ja, ko 'yan sanda sun riƙe ta, mutumin ya fito ba lambar kowa a kansa, ga kunya ta hana shi neman gida.

Saura idan shafin bai nuna komai ba. Gundumomi da dama waɗanda ke ciki a yanzu kaɗai suke nunawa, da mutum ya fita sai sunan ya sauka. Saukar suna daga shafi ba ta shafe takarda ba, tana nan a ofishin adana bayanai na sharif, kuma a nan ne dokar 'yancin samun bayanai ke shigowa. Kin san irinta a gida, wadda Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a 2011. A Amurka iri biyu ne, kuma mutane na gauraya su. Ta tarayya, wadda ake kira FOIA, ta 1966, hukumomin tarayya kaɗai ta shafa, irin su FBI da ICE. Idan kika rubuta wa sharif kika kafa hujja da ita, ba ta ɗaure shi ba. Kowace jiha da tata dokar, da ita ake magana da gunduma.

Ta Teksas tana babi na 552 na kundin dokokin gwamnatin jihar, asalinta tun 1973. Tana da kyau ga mai irin halinki. Ba ta ce sai mazaunin jihar ba, kuma ta hana ma'aikaci ya tambaye ki me za ki yi da bayanin. Buƙatar dole ta zama a rubuce, ta hanyar da ofishin ya ware, imel ko shafinsu na karɓar buƙatu. Dole su ba da bayanin ba tare da jan ƙafa ba, idan kuma suna son su hana, galibi sai sun kai maganar gaban babban lauyan jihar cikin kwanakin aiki 10. 'Yan sanda na da damar ɓoye abin da ya shafi binciken da ba a gama ba, amma sashe na 552.108 ɗin da ya ba su wannan dama shi ne kuma ya ce ainihin bayanin wanda aka kama, da kamun, da laifin, ba ya cikin abin ɓoyewa. Kwafi santi 10 ne a shafi, idan kuɗin zai wuce dala 40 sai sun fara aiko miki da ƙiyasi.

Wasiƙar ta zama gajera. Ki ce bisa wannan doka kina neman kwafin takardar bukin da ta saki ta wane, mai ranar haihuwa kaza, daga rana kaza zuwa rana kaza, wadda ke nuna ranar shiga da lokaci, da hukumar da ta kawo shi, da tuhuma, da beli, da ranar fita da lokaci da hanyar fitar, da hukumar da aka miƙa wa idan an miƙa shi. Ki ce a aiko ta imel. Shi ke nan. Kada ki yi tambaya irin "me ya sa kuka kama shi", domin dokar ta tilasta musu ba da takardar da ke akwai ne, ba ta tilasta musu amsa tambaya ba. Kada kuma ki ba da labarin iyali. Akwai wani sashe, 552.028, da ya ce hukuma ba dole ta amsa buƙatar wanda ke tsare ko wakilinsa ba, in ban da lauyansa. Ke ba shi ya aiko ki ba, neman sanin inda ɗan'uwanki yake kike yi don kanki, to ki rubuta da sunanki a haka, kada ki ƙara da cewa a madadinsa kike.

Da a wata jiha ce, da lissafin ya canza. Jojiya kwanakin aiki uku ta ba hukuma ta amsa, Niyok da Ilinoi biyar, Kalifoniya kwana 10. Dokar Kalifoniya ma ta jera abin da dole a faɗa game da wanda aka kama, har da lokacin sakinsa da yadda aka sake shi ko inda yake tsare. A birnin Niyok ba sharif ke riƙe da gidajen wakafi ba, ma'aikatar gyaran hali ta birnin ce, mai kula da tsibirin Rikers. Wasu jihohi kuma, irin su Bajiniya da Tenesi da Alabama da Arkansas, 'yan jihar kaɗai dokarsu ta ba wannan haƙƙi, Kotun Ƙoli kuma ta amince da hakan a 2013 a shari'ar McBurney da Young. A irin waɗannan sai wani mazaunin jihar ya rubuta.

Akwai abin da ba za a ba ki ba ko'ina: bayanin lafiyarsa, da lambar sirrinsa ta gwamnati da ake kira Social Security, da bayanan yaro da bai balaga ba a idon doka, da shari'ar da kotu ta rufe. Hoton kamu ma jihohi da dama sun taƙaita fitar da shi, Niyok ta yi hakan a 2019.

Takardar gidan wakafi ta gaya miki inda jikinsa yake. Makomarsa tana wani ofishin, wurin akawun kotu. A Harris akawun kotun da ake kira District Clerk ne ke riƙe da fayil ɗin manyan laifuka da matsakaita, yana da shafin da ake bincike da suna ko lambar shari'a. Ƙananan abubuwa irin na tarar hanya suna kotun birni, kuma kada ki raina su: direbobi da yawa abin da ke kai su wakafi shi ne tikitin da ba a biya ba, ko zaman kotu da aka manta, har alƙali ya ba da waranti. A fayil ɗin kotu za ki ga sunan lauyan da aka ba shi idan ba shi da halin ɗauka. Wannan suna ya fi miki komai amfani a yanzu, domin shi ne mutumin da zai iya shiga ya gan shi su yi magana ba mai saurare.

Idan kun samu lauyan, maganar farko da za a gaya masa ita ce matsayin takardun zaman ƙanenki. Ana yawan yi wa mutum tayin ya amsa laifi ya tafi gida yau, kuma wanda ya kwana huɗu a kan benci mai sanyi zai amsa ko mene ne. Ga ɗan ƙasa, wataƙila maganar ta ƙare a nan. Ga baƙo, wannan amsawar na iya zama sanadin korarsa, ko da katin zama gare shi. A Teksas akwai wani tsari da mutum ke amsa laifi a jingine hukunci, idan ya cika sharuɗɗa a kori ƙarar. A idon jihar ba a ɗaure shi ba, amma a dokar shige da fice ana lissafa shi wanda aka samu da laifi. Tun 2010, a shari'ar Padilla da Kentaki, Kotun Ƙoli ta ce wajibi ne lauya ya faɗa wa wanda yake karewa haɗarin kora kafin ya amsa. Ku tambaya ƙarara, ku nemi a haɗa da lauyan shige da fice.

Ko da an wanke shi tas, ya je wurin akawun kotu ya karɓi takardar ƙarshen shari'a mai hatimi, kwafi biyu ko uku, ya adana tare da fasfonsa. Fom ɗin neman zama ɗan ƙasa da na biza suna tambayar ko an taɓa kama mutum, ba ko an ɗaure shi kaɗai ba, kuma amsar gaskiya ake so ko da an shafe rikodin daga baya. Ya karɓi takardun kafin ya nemi a shafe, domin bayan an shafe samun kwafi yana wuya. Idan yana son ya ga abin da FBI ta rubuta a kansa, shi da kansa zai nema da zanen yatsunsa, kuɗin dala 18. Ke ba za a ba ki wannan ba.

Ofishin jakadanci ma ƙofa ce. Najeriya da Gana suna cikin ƙasashen da Amurka ta ɗauki alƙawarin sanar da jakadunsu duk lokacin da aka tsare ɗan ƙasarsu, ko ya nema ko bai nema ba. 'Yan sauran ƙasashe, irin su Nijar, suna da haƙƙin su ce a sanar, bisa yarjejeniyar Biyana ta 1963. A aikace ba kullum jami'an gunduma ke cika wannan ba, don haka ki rubuta da kanki zuwa ofishin jakadancin Najeriya a Washintan ko ƙananan ofisoshinta na Atlanta da Niyok, ki haɗa da lambobin da kika samo. Ba za su fitar da shi ba, amma suna da ikon tambaya da ziyara.

Ina roƙonki ki kula da masu cin kasuwa da tashin hankalin mutane. Da kin rubuta sunansa a intanet za ki ga shafuka suna cewa sun samo rikodin, ki biya ki gani. Abin da suke sayarwa daga shafin sharif suka kwasa kyauta, sau da yawa tsoho ne, wani lokaci na wani mai irin sunan ne. Wasu kuma suna liƙa hoton mutum su ce sai an biya za su sauke, har jihohi irin su Jojiya da Filorida suka yi dokar hana karɓar wannan kuɗi. Mafi sharri su ne masu bugo waya su ce daga ofishin sharif suke, a turo kuɗin beli yanzu-yanzu ta katin kyauta ko wata manhaja. Sunan da tuhumar daga wannan rajistar ta jama'a suka samo su, shi ya sa maganarsu ke kama da gaskiya. Ki kashe wayar, ki kira lambar da ke shafin hukumar da kanki. Idan kuma shi ne ya kira daga ciki, ki sani ana naɗar kiran, kuma ana samun mai fassara Hausa. Ku gaisa, ki tambayi lafiyarsa da abin da yake buƙata, kada ku taɓa maganar abin da ya faru.

Abin da kika gani a shafin kuma ki riƙe shi tsakaninki da waɗanda za su taimaka. Hoton da ya shiga zauren WhatsApp na dangi ba ya fita, ko bayan kotu ta ce ba shi da laifi, kuma na ga samarin da aka fasa ba su aure a gida saboda kamu na dare ɗaya da aka janye tuhumarsa da safe.

Agogon Hiyustan yana bayan na Kano da sa'a shida daga tsakiyar Maris zuwa farkon Nuwamba, bakwai a sauran watanni. Ƙarfe takwas na safiyarsu ya yi daidai da biyu ko uku na ranarki, kenan bayan azahar ofishin akawun kotu da na adana bayanai sun buɗe. Kafin lokacin ki nemo hoton fasfonsa da na katin aikinsa idan akwai a wayar wani a gida, ki duba Harris da Fort Bend da Montgomery, ki duba VINELink, sannan shafin ICE. Idan duka biyar ba su nuna shi ba, ki tura wasiƙar nan ga sharif na Harris a yau, ki kuma sa abokin nasa ya je ofishin 'yan sanda da ƙafarsa ya ba da rahoton ɓatan mutum, ya zaga asibitocin da ke kusa da inda aka gan shi na ƙarshe. Allah Ya sa ki ji muryarsa kafin amsar wasiƙar ta iso.